Kyamarar Aljihu ko Mai Sauya Gilashi? Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga Legas suka fito, kuma kusan dukkansu da matsala ɗaya suke kuka. Mutum ya tara kuɗinsa, ya shiga kasuwa, an ɗora masa kyamarori iri biyu a kan kanta, ƙarama wadda gilashinta yake haɗe da jikinta da kuma babba wadda ake kwance mata gilashi a ɗaura wani, sai ya koma gida da kuɗinsa a aljihu bai san wadda zai ɗauka ba. Mun zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Agege, ina ɗinka manyan riguna da kaftani, kuma yawancin masu kawo mini aiki a WhatsApp da Instagram suke ganin ɗinkina. Wayata ba ta fito da aikin zare yadda yake, musamman a kan farar shadda. Na je Computer Village a Ikeja, wani mai shago ya nuna mini ƙaramar kyamara mai megafiksel 20 da zum ninki 40, wato mai jawo abu na nesa ya matso kusa, ya ce ta fi ƙarfin duk abin da nake nema. Maƙwabcinsa kuma ya fito da wata babba ta hannu mai megafiksel 18, wadda ake cire mata gilashi, ya ce waccan abin wasan yara ce. Kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɗaya daga cikin masu shagon nan ya faɗa maka wani yanki na gaskiya, wato yankin da zai sa ka zaro kuɗi, ya bar sauran a cikinsa. Mu fara da megafiksel, tunda ita ce lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Hoton kyamara tarin ƙananan ɗigogi ne, kuma kowane miliyan ɗaya na ɗigogin nan shi ake kira megafiksel ɗaya. Wanda zai wanke hoto a takarda mai girman A4 ya fito tas yadda mujalla take buƙata, ɗigo miliyan 9 sun ishe shi, su kuwa WhatsApp da Instagram matse hoto suke yi su rage masa nauyi kafin ya isa wayar mai kallo. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 18 da 20 ba abin da za ta ƙara maka, ba abin da za ta rage.

Abin da ya raba kyamarorin nan biyu yana can ciki inda ido ba ya gani, shi ne farantin da haske yake sauka a kansa bayan ya ratso gilashi, wanda masu sana'a suke kira sensa. A ƙananan kyamarori masu dogon zum irin wadda aka nuna maka, faɗin farantin nan milimita 6 ne da ɗoriya, tsayinsa kuma kimanin 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Na babbar kuwa, wanda ake wa laƙabi da APS-C, yakan kai milimita 22 zuwa 23 a faɗi da kimanin 15 a tsayi, kuma idan ka auna fili da fili kamar yadda kake auna yadi, za ka tarar ya ninka ƙaramin fiye da sau goma. Ɗigo miliyan 20 a kan ɗan ƙaramin faranti kamar fasinjojin danfo ne da safiyar Litinin a Oshodi, kowa ya samu shiga amma ba wanda ya samu wurin miƙe ƙafa, don haka kowane ɗigo ɗan haske kaɗan yake samu. A waje da tsakar rana, inda haske ya wadata, ba lallai ka ga bambanci ba. A cikin shago kuwa, ƙarƙashin ƙwan lantarki guda, dole ƙaramar kyamara ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi, sai hoto ya fito da yashi-yashi, sannan ta bi yashin tana gogewa, kuma a wajen gogewar nan take tafiya da zaren aikinka. Aska takwas da ka ɓata kwanaki kana yi sai ta fito kamar an zana ta da alli. Zum ninki 40 kuwa ba ka da abin yi da shi, domin rigar da za ka ɗauka tana rataye ne taku uku daga inda kake tsaye.

Babbar za ka ɗauka ke nan. Babban aibinta nauyi da girma ne, kai kuwa a shago za ta zauna, ba yawo za ka riƙa yi da ita a motar haya ba. Sai dai ka sani cewa mai sayen irin wannan kyamara kamar mai sayen doki ne, sirdi da linzami da harawa duk suna jiransa. Gilashin da aka saba haɗa ta da shi, mai lamba 18-55, ya isa ɗaukar mutum sanye da babbar riga daga hula har takalmi. Wanda zai fito maka da aikin wuya da na aljihu kuwa shi ne gilashi mai milimita 50 wanda aka rubuta f/1.8 a jikinsa, kuma yana cikin mafi araha a duk gilasan da Canon da Nikon suke ƙerawa. Lambar da ke bayan harafin f tana nuna faɗin ƙofar da haske yake bi, kuma a juye take, gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon faɗin ƙofar. Gilashin 18-55 idan an jawo shi har ƙarshe a f/5.6 yake tsayawa, don haka mai f/1.8 yana iya shigar da haske kusan ninki goma a kansa. Duk da haka kada ka buɗe ƙofar duka a kan tufafi, domin idan ka yi haka wuyan riga ne kaɗai zai fito tas, kafaɗa ta dushe. Ka tsaya wajen f/4 zuwa f/5.6, ka ɗora kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku don kada hannu ya girgiza, a nan ma gilashin 50 ya fi na 18-55 kaifi. Kada kuma ka sayar da 18-55 ɗin. A kan farantin APS-C, kafin gilashin 50 ya ɗauke mutum tsaye gaba ɗayansa sai ka ja da baya kimanin mita 4 da rabi, ni kuwa shagunan teloli da na sani a Agege, wanda ya ja da baya haka a tsakiyar titi zai tsinci kansa, masu Keke Marwa suna danna masa hon.

Batun farar shadda, sabuwar kyamara ita kaɗai ba za ta warware shi ba. Kowace kyamara, har da ta wayarka, an gina ta ne a kan zaton cewa abin da ke gabanta tsaka-tsaki ne tsakanin fari da baƙi. Idan fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa ta rage shi, farar riga ta fito toka-toka. Maganin wannan wani maɓalli ne mai alamar tarawa da ta ɗebewa. Ka ɗaga shi zuwa +1 ga farin yadi, ka sauke shi ƙasa da sifili ga baƙi. Fitilar da ke saman kyamara kuwa ka bar ta a kashe, domin shadda mai ƙyalli ce, hasken da ya doke ta kai tsaye dawowa yake yi cikin gilashi ya shafe zanen da ke jikin saƙar. Ka kashe ƙwan shago, ka rataye rigar kusa da ƙofa da hantsi kafin rana ta faɗo ciki, yadda haske zai zo mata ta gefe. Hasken gefe ne yake sa kowane zare ya yi 'yar inuwa, inuwar nan kuma ita take nuna wa mai kallo cewa aikin yana da tudu.

Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a nan Legas a 2014, tun daga 1968 ya duƙufa ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya har suka kai kusan dubu, baƙi da fari, da yawansu daga ƙeya, ba komai a bayan mace sai fili. Hotunan sun zaga manyan gidajen nune-nune na duniya, kuma wanda ya dube su zai iya ƙirga layukan kitso ɗaya bayan ɗaya. Aikin hannu ya ɗauka kamar yadda kake son ɗauka, kuma duk hoton nasa da ka duba za ka ga ya kula da inda haske yake fitowa da abin da ke bayan mutum. Kafin ka koma Ikeja, ka sami ƙyalle mai ruwan toka ka rufe tarkacen shago da shi, ka gwada wayarka mako guda a bakin ƙofa. Idan har zare bai fito ba, je ka sayi babbar da zuciya ɗaya, amma ka ware wani kaso na kuɗin don gilashin 50 da batir na biyu da ɗan abin karanta katin memori da ake sokawa a waya, domin tsofaffin kyamarori da yawa ba sa tura hoto zuwa waya da kansu.

Tambaya: Malam, ni uwa ce kuma kaka, ina zaune a Idi-Araba. Jikokina wasu suna nan Legas, wasu suna Kano, kuma nakan yi tafiya sau biyu ko uku a shekara saboda suna ko biki ko Sallah. Ɗana ya ce zai saya mini babbar kyamara irin ta masu ɗaukar hoton biki. Ni dai hoton jikokina nake so, mai kyau wanda zan wanke in rataye a ɗaki. Shin babbar ta dace da ni?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa ɗan naki albarka, amma a wannan karo ki roƙe shi ya sake shawara. Babbar kyamara irin ta masu ɗaukar hoton biki, mai ɗan madubi a ciki, tare da gilashinta, ko masu sauƙin nauyi a cikinsu, sun haura rabin kilo, suna buƙatar jakarsu daban, kuma na sha ganin yadda labarin yake ƙarewa: a bikin farko an rataye ta a wuya, a na biyu an ba wani yaro ya riƙe, a na uku an bar ta a gida. Mai ɗauke da jakar hannu da tsarabar Kano, ga jika a cinya, ba ta da hannun da za ta kwance gilashi ta ɗaura wani.

Sai dai ƙananan kyamarori ma ba ɗaya suke ba. A shekarar 2010 kamfanonin kyamara na Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 zuwa kasuwannin duniya, mafi yawansu ƙanana. Zuwa 2020 adadin ya faɗi ƙasa da miliyan 10, kamfanin Casio ma tun 2018 ya daina ƙera ƙananan kyamarori. Wayar salula ce ta cinye kasuwar, domin waya mai kyau ta yanzu tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido ta haɗe su wuri ɗaya, abin da ƙaramar kyamara mai arha ba ta iya yi. Idan wayarki ta 'yan shekarun nan ce, sayen ƙaramar kyamara mai farantin nan da bai kai farce ba maimaita abin da kike da shi ne.

Wadda ta dace da ke ita ce ƙarama mai farantin da ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 a faɗi da 8.8 a tsayi, wato kimanin ninki huɗu na wancan da bai kai farce ba. Kamfanin Sony ya fito da RX100 a 2012, Canon kuma yana da G7 X, kuma dukkansu nauyinsu wajen giram 300 ne, suna shiga jakar hannu tare da carbi da tabarau. Gilashin G7 X da na yawancin samfuran RX100 yana buɗewa har f/1.8, don haka suna iya kama yaro a falo da yamma ba tare da an haske masa ido da fitila ba. Ki gaya wa ɗanki tun yanzu cewa ƙanƙantarsu ba araha ba ce, kuɗinsu kan yi kafaɗa da kafaɗa da na babbar. Kowa kuma ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa: zum ɗinsu gajere ne, batirinsu da wuya ya wuce hoto 300 a caji ɗaya, kuma idan ƙura ta shiga gilashin ko ya ƙi fitowa, kyamarar gaba ɗaya ce za ta tafi wurin mai gyara. Kada ki yarda a sayo miki a kawo. Ki bi shi shagon ki riƙe ta da hannunki, ki ga ko yatsanki yana samun maɓallan, ko kina iya karanta rubutun allon. Ranar ɗaukar jikoki kuma ki zauna a kan tabarma daidai tsayinsu, hoton zai fi na wanda ya ɗauke su daga tsaye.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Legas da ke Akoka. A ƙarshen mako nakan bi wani mai ɗaukar hoto ina riƙe masa fitilu, yanzu kuma ina so in fara karɓar aikin ɗaurin aure da walima da kaina. Kuɗina za su sayi tsohuwar kyamara mai madubi da gilashi biyu, ko sabuwa marar madubi da gilashi ɗaya. Abokaina sun ce zamanin masu madubi ya wuce. Ko ma ƙarama mai kyau za ta yi?

Amsa: Ƙanena, cire ƙaramar daga lissafi. Aikin biki yana buƙatar fitila ta daban da ake ɗaurawa a saman kyamara, da gilashi mai faɗi don taron jama'a, da wani mai jawowa don fuskar ango daga nesa. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a littafi amma kowa a sana'ar ya san shi: uban amarya da ya biya kuɗi, ya ga ka zaro kyamara daga aljihun wando, ba zai jira ganin hoto ba kafin ya yanke maka hukunci.

Mai madubi, wadda ake rubuta wa DSLR, tana da ɗan madubi a ciki da ke karkata haske zuwa tagar da kake leƙawa, sannan ya ɗaga sama lokacin da ka danna. Marar madubi ta cire shi, abin da faranti yake gani shi ake nuna maka kai tsaye a kan allo. Panasonic ne ya fara fito da irinta a 2008, Sony ya biyo da a7 mai cikakken faranti, wato wanda ya fi APS-C girma, a 2013, Canon da Nikon kuma a 2018 suka fito da sababbin bakunan ɗaura gilashi, RF da Z, inda suka mayar da ƙarfinsu tun daga lokacin. Ta wannan fuska abokanka sun yi gaskiya. Amma bakin EF na Canon tun 1987 yake, bakin F na Nikon kuwa tun 1959, wato akwai gilasai na shekaru aru-aru a hannun mutane, kuma yayin da masu sana'a a Turai da Amurka suke komawa sababbi, tsofaffinsu ne suke sauka a Ikeja da Alaba da sunan tokumbo. Gilasan EF suna aiki a kan kyamarorin RF ta hanyar wani zobe da ake sawa a tsakani, Nikon ma yana da nasa zoben, don haka kuɗin da ka sa a gilashi mai kyau yau ba su bi ruwa ba ko da ka sauya kyamara gaba. Ga kuma batir. Nikon D3500 ta 2018, bisa ma'aunin da kamfanonin Japan suke amfani da shi, tana ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, alhali marasa madubi da yawa da ke ajinta ɗari uku zuwa huɗu suke yi, kuma wanda ya taɓa neman wurin caji a ɗakin taro bayan janareta ya mutu ya san darajar wannan tazara.

Marar madubi tana da abubuwanta da ba a ƙwace mata. Sababbin suna gano idon mutum su bi shi, kana ganin hasken hoto kafin ka danna, kuma da yawansu suna ɗauka shiru ba ƙara, abin da ya dace da masallaci lokacin da liman yake ɗaura aure. Idan rabin aikinka bidiyo ne, ita za ka nema. Ka lura ma cewa D3500 da Canon 2000D ba su da ramin soka makirufo. Idan kuwa hoto ne jarinka, ra'ayina shi ne mai madubi da gilashi biyu da fitila ta fi maka marar madubi da gilashi ɗaya, domin mai gilashi ɗaya a wurin biki zai ga hoton da yake so yana wuce shi ba yadda zai yi.

Inda ake cutar masu farawa shi ne wurin sayen ta hannu, don haka ka je da katin memorinka. Marfin da ke buɗewa da rufewa a gaban faranti yana da iyakar rayuwa, a ƙananan samfura kimanin danni 100,000 ne; Nikon yana rubuta ƙidayar a cikin fayil ɗin kowane hoto, na Canon kuwa yawanci sai an haɗa kyamarar da kwamfuta. Kyamarar da ta fito daga hannun mai aikin biki tana iya yin kyan gani a waje alhali ta cinye kashi uku cikin huɗu na rayuwarta. Ka matse ƙofar gilashi zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka faɗaɗa hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa. Ɗigon ƙura ana sharewa, amma layi ko tabon da bai motsa ba bayan an share alama ce ta faranti mai rauni. Ka kwance gilashin, ka haska fitilar wayarka ta baya ka leƙa ta gaba, ka nemi hazo ko wani abu mai kama da saƙar gizo-gizo. Ka ɗaura fitila a sama ka ga ta tashi. Idan Nikon ce ta jerin D3000 ko D5000, ka sani babu injin daidaita gani a jikinta, saboda haka tsohon gilashin 50 mai harafin D a ƙarshe da hannu za ka riƙa murɗa shi; wanda aka rubuta wa AF-S za ka nema, ko da mai shago ya rantse maka cewa duk ɗaya ne. Kada ka bi masu tare mutane a bakin titin Otigba suna cewa suna da kaya, ka shiga shago mai ƙofa da suna, a rubuta maka lambar jikin kyamara da ta gilashi a rasit, ka gwama su da idonka kafin ka biya. Waɗannan ƙananan samfura ramin kati ɗaya suke da shi, aure kuma ba a sake ɗaura shi don hoto ya ɓace, saboda haka ka kwafe katin a wuri biyu a daren da ka dawo.

Tambaya: Ina aiki a Apapa, kuma ranar hutu nakan je gandun Lekki Conservation Centre kallon birai da tsuntsaye. Na ga wata kyamara da ba a cire mata gilashi amma an ce tana jawo abu ninki 125. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Nikon Coolpix P1000 ce, ta fito a 2018, kuma zum ɗinta ya yi daidai da gilashin milimita 24 zuwa 3,000. A buƙata irin taka ne kaɗai kyamara mai ƙaramin faranti take kayar da mai sauya gilashi, domin ƙanƙantar farantin ce ta sa aka iya cusa wannan tsawo a jiki ɗaya, kuma wanda ya ce zai kai ko rabin wannan nisa da gilashin da ake ɗaurawa zai kashe ninkin kuɗin sau da yawa, ya kuma nemi mai taya shi ɗauka. Amma ita ma ba ta aljihu ba ce, nauyinta ya kai kilo 1.4. Hangen Dala kuma ba shiga birni ba ne: a ƙarshen zum numfashinka ma yana girgiza hoto, tururin zafi da hazon hunturu suna dusar da duk abin da ke nesa, kuma ƙarƙashin itatuwan Lekki duhu ne ga ƙaramin faranti. Tsuntsun da ke zaune a fili da safe za ta ba ka shi har gashinsa, birin da ke tsalle a inuwa kuwa sai an dace. Yayarta P900, mai ninki 83, ta fi sauƙin riƙo. Tunda a Apapa kake, kada ka nuna irin wannan gilashi wajen tashar jiragen ruwa ko barikin soja.

Tambaya: Na ajiye kyamarata a cikin jakarta tun farkon damina. Da na fito da ita sai na ga wasu fararen zare-zare a cikin gilashin, kuma gogewa ba ta fitar da su. Mene ne wannan?

Amsa: Fumfuna ce, ɗan'uwa, irin wadda take fitowa a jikin takalmin fata da aka manta a ƙarƙashin gado, kuma a Legas ita ce babbar abokiyar gabar mai kyamara. Abu uku take so, danshi da duhu da iskar da ba ta motsi, jakar kyamara da aka zuge aka tura cikin kabad daga Afrilu zuwa Oktoba kuma ta haɗa mata duka ukun. Ni ma ta taɓa cin ni. Wata shekara na yi tafiya Arewa na bar gilashin da na fi ji da shi naɗe cikin tawul, ina ganin gata na yi masa. Da na dawo na ɗaga shi wajen taga sai na ga abin ya tashi daga gefe ɗaya ya bazu kamar saiwar gero. Mai gyara ya kwance shi ya wanke, zaren ya fita, amma inda ya daɗe ya riga ya ci rufin da ake shafa wa gilashi, har yau idan rana ta doke shi ta gaba sai hoto ya yi fari-fari.

Ka kai naka wurin mai gyara a cikin makon nan, kada ka kwance shi da kanka, kuma ka raba shi da sauran kayanka. A nan mai sauya gilashi ya fi mai ƙaramar kyamara sa'a, domin shi gilashi ɗaya zai rasa, wancan kuwa kyamarar duka. Daga yanzu ka sami robar abinci babba mai murfin da ke rufewa gam, ka zuba ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, waɗanda ake kira silika, ka ajiye kyamara da gilasai a ciki ba tare da jaka ba. Akwai silika mai sauya launi idan ta ƙoshi da ruwa, ita ta fi, domin za ka san lokacin da za ka gasa ta a wuta marar ƙarfi ta bushe ka mayar. Ko ba ka da aiki, ka fito da kayan sau ɗaya a mako, ka cire marufan gilashi su sha haske da iska a inuwa, ka murɗa zoben gaba da baya, ka ɗauki hoto biyu ko uku. Ranar da ruwa ya taɓa jakar kuwa, ka kwashe komai daga cikinta ka shanya ta, kada kyamara ta koma ciki sai ta bushe ƙarau.